Amsar Takardarku: Yadda Magabata Suka Shirya Tafiyar Ganin Birane A Ƙetare

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai saurarenmu, manomi kuma ɗan kasuwa a Limawa ta cikin Dutse, Jihar Jigawa. Ya ce shi da abokansa biyu suna tara kuɗi, in Allah Ya kai rai suna son su yi Umra, daga nan su zarce Alƙahira da Istambul don ganin kayan tarihi. Shi ne yake tambaya, wai shin su wane ne suka fara irin wannan tafiya daga ƙasar Hausa, kuma yaya suka shirya ta a zamanin da ba a hawa jirgin sama?

To malam mai tambaya, tafiya dai tsohuwar aba ce a wurin Bahaushe. Fatake sun daɗe suna zuwa Gwanja sayen goro, alhazai kuma suna bin hanyar gabas a ƙasa, ta Borno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya. Wani ya shekara uku a hanya, wani bakwai, yana tafe yana tsayawa yin ƙodago don ya sami guzuri. Amma waɗannan fatauci ne da ibada suka fitar da su. Tafiyar da za a bi birni bayan birni musamman don a kashe ƙwarƙwatar ido, wannan daga baya ta zo.

Bahaushen da aka fara samun labarin tafiyarsa Turai a rubuce da Hausa shi ne Dorugu, mutumin ƙasar Damagaram. Tun yana yaro aka kama shi bawa aka kai shi Borno, inda wani Bajamushe mai suna Overweg ya fanshe shi ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai Dorugu ya koma hannun abokin tafiyarsa, Dokta Barth, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdulkarim. Tare suka je Sakkwato da Tambutu, suka komo Kukawa, suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus. Daga can suka shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Malta da Marsel, suka ratsa Faris, suka isa Landan a watan Satumba na 1855. A Ingila wani limamin Kirista mai suna Schön ya zaunar da shi yana ba da labari ana rubutawa, labarin ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya dawo gida, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912. Sai dai ka lura, shi bai shirya komai ba, inda maigida ya sa gaba nan ya bi.

Wanda ya yi tafiya irin wadda kake nufi, da shiri da tsari, shi ne Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, a shekarar 1921. Shi ne sarki na farko a Arewa a zamanin mulkin Turawa da ya je aikin Hajji yana kan gadon sarauta ya kuma dawo. Kada ka ɗauki wannan ƙaramin abu. Shekara 18 kafin nan, a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya bar Sakkwato ya nufi gabas da ɗimbin jama'a bayan Turawa sun ci garin, suka bi shi har Burmi inda ya yi shahada a watan Yuli. Ɗansa Mai Wurno ya ƙarasa Sudan da sauran mutane, har yau akwai gari mai sunansa a bakin Shuɗin Nilu. Saboda haka a wancan lokaci, in aka ce sarki ya yi gabas, abin da ke zuwa zuciyar talakawa shi ne hijira, Turawa kuma gabansu ya faɗi, don suna tsoron a kwaso musu aƙidar Mahadiyya daga Sudan. Ka ga ke nan hanyar teku, wadda ta bi ta Ingila, ta fi kwanta wa Turawa a rai.

Ga yadda hanyar ta kasance. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, gadar Jebba a kan Kwara kuma an gama ta a 1916, don haka ana iya zuwa Ikko ba tare da an sauka an shiga kwalekwale ba, tafiyar mil wajen 700. Daga Ikko jirgin ruwa ya kai Sarki da jama'arsa Libaful, tafiyar kamar mako biyu a kan teku. Daga Libaful sai Landan, inda aka zaga da shi wurare har da gidan namun daji, ya kuma gana da Sarkin Ingila Joji na Biyar. Sa'an nan ya kama hanyar Masar zuwa Jidda. A lokacin Sharif Husaini ne ke mulkin Makka, Sa'udawa ba su karɓe ta ba sai 1924.

Abin da ya ɗaure dukkan wannan shiri shi ne ranar Arfa. A 1921 Hajji ya faɗo ne tsakiyar watan Agusta, wato tsakiyar damina a nan gida, lokacin da gero ke fitar da kai. Jirgin ruwa kuwa ba kullum yake tashi ba, yana da ranakunsa. In ka kuskure guda, sai ka zauna jiran wani. To dole daga ranar Arfa aka ƙirgo baya: kwana nawa daga Ingila zuwa Jidda, kwana nawa za a yi a Landan, yaushe za a bar Ikko, yaushe za a yi sallama da mutanen Katsina. Tafiyar ta cinye watanni, kuma duk tsawon wannan lokaci sai da aka bar masu riƙon ƙasa, don shari'a da haraji ba sa jiran matafiyi.

Da Sarki Dikko ya ga hanya ta buɗe, bai tsaya a nan ba. Ya koma Ingila a 1924, shekarar da aka yi babban bajekolin ƙasashen da Ingila ke mulka a Wembili. A wurin nan an gina wa Afirka ta Yamma wani gari na ƙasa mai ganuwa da ƙofofi irin na Kano, aka kai masu sana'ar hannu suna aiki Turawa na kallo. Wato mu ma an mai da mu abin kallo a can. Ya sake zuwa a 1933 da 1937. Wani masanin tarihi ɗan Nijeriya, Farfesa Moses Ochonu, ya rubuta littafi a kan waɗannan tafiye-tafiye a 2022.

Tafiyar da ta fi shafar mutanen Dutse ita ce ta 1934, domin a wancan zamani Dutse tana ƙarƙashin masarautar Kano ne, Jihar Jigawa sai a 1991 aka ƙirƙiro ta. A shekarar nan manyan sarakuna uku suka tafi Ingila tare: Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, da Sarkin Kano Abdullahi Bayero, da Sarkin Gwandu Usman. Sun gana da Sarki Joji na Biyar, sun kuma sadu da Lugga, mutumin da sojojinsa suka ci Kano da Sakkwato shekara 31 kafin nan, ya tsufa ya yi ritaya. Shekara uku bayan haka, a 1937, Sarki Abdullahi Bayero ya je aikin Hajji.

A nan akwai abin lura. Duk waɗannan tafiye-tafiye Turawan mulki ne ke tsara inda za a je da abin da za a gani, su ne tafintoci, su ne 'yan rakiya. Kuma ba don Allah da Annabi suke yi ba. Suna so baƙon ya ga ƙarfin Ingila da dukiyarta, ya dawo ya gaya wa talakawansa cewa waɗannan mutane ba a ja da su. Amma gani ya kori ji, kuma mai ido ba ya tsayawa ga abin da aka nuna masa kawai. Misali shi ne Malam Abubakar Imam, editan Hausa na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka gayyaci editocin jaridun Afirka ta Yamma su takwas zuwa Ingila, cikinsu har da shi da Dokta Azikiwe. A can Azikiwe ya tsara takardar neman mulkin kai, Imam bai sa hannu ba, don yana ganin Arewa ba ta shirya ba. Amma da ya sami ganin Lugga, sai ya zayyana masa damuwar mutanen Arewa game da yadda ake tafiyar da mulki, daga baya kuma ya rubuta masa su a takarda. Da ya dawo ya rubuta littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda ya fito a 1944, mutanen da ba su taɓa ganin teku ba suka karanta suka san yadda duniya take.

Jirgin sama ya fara sauka Kano ran 1 ga Nuwamba 1925, amma sai bayan yaƙin nan na biyu hawansa ya yawaita. Yau ga filin jirgi a Dutse kanta, wanda aka buɗe a 2014. Tafiyar da ta ci wa Sarki Dikko watanni, yanzu daga Kano zuwa Jidda ba ta kai yini guda.

To malam, me za ku ɗauka daga wannan tarihi? Na farko, ku kafa rana guda wadda ba ta motsi, kamar yadda aka yi da ranar Arfa, sa'an nan ku jera sauran garuruwan a jikinta. Ga manomi, lokacin da ya fi shi ne bayan kaka, an kai amfani rumbu, a kuma dawo kafin sharar gona. Na biyu, ku bar amintacce a kan gida da shago, a ƙirga kaya a gabansa a rubuta. Na uku, kowace ƙasa da izinin shigarta. Bizar Umra ba ta shigar da mutum Masar ko Turkiyya, don haka a nemi ta kowace ƙasa tun daga gida, tare da fasfo mai sauran wa'adi da katin allurar shawara. Na huɗu, kada ku ba wa kowane ɗan kamasho kuɗi sai kun tabbatar kamfaninsa yana da rajista, kun kuma karɓi rasit, domin an sha sayar da shanu da gona kuɗin su tafi a banza. Kuɗin komowa kuma a ware shi daban, kada a taɓa.

Na ƙarshe, kada ku bar mai rakiya shi kaɗai ya zaɓa muku abin da za ku gani. A Alƙahira ku ce a kai ku masallacin Azhar, wanda ya haura shekara 1,000, da dalar Fir'auna a Giza. A Istambul akwai Aya Sofiya da fadar Topkapi ta sarakunan Usmaniyya. Amma tun da ku manoma ne 'yan kasuwa, ku roƙi a kai ku kasuwar hatsi da gonakin bakin Nilu, ku ga yadda suke ban ruwa da yadda suke adana dabino, tun da Dutse ma ƙasar dabino ce. Gara birni biyu a natse da biyar a guje. Ku riƙe ɗan littafi kuna rubuta abin da kuka gani da farashinsa, don na gida su ma su amfana.

Da fatan mai tambaya da sauran masu saurare sun gamsu. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.