Da Mudun Wa Gwamnati Za Ta Auna?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi, wanda ya ce ya taɓa samun kwangilar kai gero wata makarantar kwana, amma da ya kai aka ƙi karɓa, wai buhunsa ba irin wanda aka rubuta a takarda ba ne, alhali kuwa shi ne buhun da kowa ya sani a kasuwa. Shi ne yake so ya ji: shin a ƙasa kamar Amurka, idan gwamnati za ta sayi kaya, da ma'aunin 'yan kasuwa take aiki, ko kuwa nata take fitowa da shi?

To Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Wannan tambaya taka ta fi shekara ɗari tana wahalar da Amurkawa. Ka san dai ma'auni iri biyu ne. Akwai wanda masu sana'a da masu saye da injiniyoyi suke zama su amince a kansa, su rubuta, ba tare da an tilasta wa kowa ba, kamar dai yadda 'yan kasuwa suke yarda da mudu ɗaya a gari. Akwai kuma wanda gwamnati take rubutawa don sayayyarta ita kaɗai, ta ce duk mai son kuɗinta sai ya bi shi.

Bari mu fara da dalilin da ya sa gwamnati take ɗari-ɗari da 'yan kwangila. A lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, an tafka wa sojojin gwamnati ha'inci na fitar hankali. An sayar musu da dawaki da alfadarai marasa lafiya, da ruɓaɓɓen abinci, da albarushi gauraye da garin katako, da kaki wanda ruwan sama ɗaya ke mayar da shi tsumma. Abin ya kai ga a 1863 shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a kan dokar hukunta masu damfarar gwamnati, har aka tanadi kaso mai tsoka na kuɗin da aka ƙwato ga wanda ya tona asiri. Ka ga wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Irin wannan tsoro shi ne tushen al'adar rubuta komai dalla-dalla kafin a sayi kaya.

To amma a daidai wannan zamani ne kuma masu sana'a suka nuna cewa su ma za su iya tsayar da ma'auni. A da, kowace masana'anta da irin haƙoran da take yanka wa noti, ta yadda notin wannan ba ya hawa ƙusar wancan. Kai da kake da injin ban-ruwa ko na niƙa, ka san takaicin rasa noti guda. A 1864 wani injiniya na birnin Filadelfiya mai suna William Sellers ya fito da tsari ɗaya na yanka haƙoran noti, mai sauƙin yi da sauƙin aunawa. A 1868 rundunar sojan ruwa ta karɓi tsarinsa, maimakon ta ƙirƙiro nata, kamfanonin jirgin ƙasa su ma suka bi, sai ya game ƙasa. Haka kuma a 1898, saboda yawan karyewar ƙarfen dogo da ke jawo haɗari, masana ƙarfe suka kafa ƙungiyar gwajin kaya da ake kira ASTM, wadda har yau take rubuta ma'aunai.

Sai dai fa ma'aunin ganin dama yana da nasa rauni, kuma gobara ce ta nuna shi. A watan Fabrairu na 1904 wuta ta tashi a birnin Baltimore. 'Yan kwana-kwana suka kawo ɗauki daga Washington da Filadelfiya da New York, amma da yawansu bakin mesarsu ya ƙi shiga famfunan birnin, domin kowane gari da irin nasa yake saye. Ga ruwa ga mutane, amma wuta ta yi ta ci har fiye da kwana guda, ta lashe gine-gine sama da 1,500. A 1905 ƙungiyar masu rigakafin gobara ta tsayar da ma'auni ɗaya. To da yake ba dole ba ne, garuruwa da dama suka yi ta jan ƙafa. Har a 1991, lokacin gobarar birnin Oakland a jihar Kalifoniya wadda ta kashe mutum 25, masu kawo ɗauki sun sake tarar da famfunan da ba su dace da mesarsu ba.

Yanzu mu koma ga gwamnati. Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945, ma'aikatar tsaron Amurka ta zama babbar mai sayayya, ta kuma dinga rubuta nata ƙa'idoji, tun daga jirgin yaƙi har zuwa abincin soja. Kafin 1994 sun haura 30,000. Akwai takarda mai shafi 26 a kan yadda za a toya biskit da wani irin kek na sojoji. A ɓangaren farar hula ma, akwai ƙa'idar sayen farantin zuba tokar sigari, wadda ta ce a buge shi da guduma a gwada, kuma kada ya fashe fiye da gida 35. A 1993 mataimakin shugaban ƙasa Al Gore ya fasa irin wannan faranti a talabijin, don jama'a su ga inda kuɗin harajinsu yake tafiya.

Kada ka ɗauka abin dariya ne kawai, Malam. Kowane sharaɗi kuɗi ne. Kamfanin da yake ƙera kaya dubbai don kasuwa, in gwamnati ta ce nata sai an sake masa fasali, dole ya buɗe wani layin aiki dabam, ya ɗauki ma'aikatan cike takardu, ya ɗora duk wannan a kan farashi. Ƙananan masu sana'a kuwa sai su haƙura su bar wa manya fili, in masu neman kwangila suka ragu kuma, farashi ya ƙara hawa. Ga shi kuma ƙa'idar gwamnati takan daɗe ba a sabunta ta ba, har kasuwa ta wuce ta, musamman a kayan lantarki da kwamfuta. Garin neman ƙiba sai aka samo rama.

Abin da ya fi ba su kunya ya faru ne a rikicin yankin Gulf na 1990 zuwa 1991, bayan Iraƙi ta mamaye Kuwait. Sojojin Amurka suna bukatar rediyon oba-oba guda 6,000 na kamfanin Motorola cikin gaggawa, ga su nan kuma a kasuwa. Amma dokar sayayya ta ce sai kamfani ya sa hannu cewa bai sayar wa kowa da arahar da ta fi ta gwamnati ba. Kayan da ake sayarwa ko'ina a duniya, wa zai yi wannan rantsuwa ya jawo wa kansa shari'a? A ƙarshe sai Japan ce ta saye su da kuɗinta, ta ba Amurka a matsayin gudummawa.

Daga nan aka juya akala. A ranar 29 ga Yuni, 1994, sakataren tsaro William Perry ya ba da umarni cewa daga yanzu a faɗa wa ɗan kwangila aikin da ake so kaya su yi, ba yadda zai ƙera su ba, a kuma yi amfani da ma'aunin masu sana'a. Wanda yake son komawa ga ƙa'idar soja, sai ya nemi izini na musamman. Aka soke dubban ƙa'idoji, wasu aka maye gurbinsu da na kasuwa. A watan Maris na 1996 kuma shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan dokar da ta umarci dukkan ma'aikatun tarayya su yi aiki da ma'aunin da masu sana'a suka amince a kai, sai fa idan ya saɓa wa doka ko ba zai yiwu ba, wanda ya kauce kuma ya kawo dalilinsa a rubuce.

Amma a ciza a busa. Ba a taɓa cewa a jefar da ma'aunin gwamnati gaba ɗaya ba, domin akwai kayan da kasuwa ba ta da mudunsu, kamar makamai da jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa. A 2005 ma'aikatar tsaro ta janye sharaɗin nan na neman izini na musamman. Shi ma ma'aunin masu sana'a ba a rasa masu kuka da shi, domin sau da yawa sai ka biya kuɗi kafin ka karanta shi, kuma manyan kamfanoni ne suka fi samun halin tura wakilai wurin zaman rubuta shi.

To Malam, ga amsarka a taƙaice. Inda Amurkawa suka tsaya bayan duk wannan faɗi-tashi shi ne, kayan da kowa yake saye, gwamnati ta saya da ma'aunin da kowa ya sani, wanda za ta kauce masa kuma ita ce za ta kawo hujja. Amma ka lura da sharaɗin: ma'aunin nan a rubuce yake, an amince da shi, kuma ana iya gwada shi. In da buhun kasuwarku yana da nauyi tsayayye da kowa ya yarda da shi, da kai ne da gaskiya ba gardama. In kuwa buhun wannan kasuwa ya bambanta da na waccan, mai saye da kuɗin jama'a yana da hujjar neman sikeli. Shawararmu ita ce, kafin ka ɗora kaya a mota, ka nemi a karanta maka takardar kwangila, ka ji kilo nawa ake nufi da buhu, da irin bushewa da tsabtar da ake so. Ku kuma shugabannin kasuwa, in kuka tsayar da mudu ɗaya da buhu ɗaya kuka tsare su, kun rage wa mutanenku irin wannan asara.