Taƙama, Linzami da Ƙaimi: Tarihin Takun Dokin Sarauta

Littafin tarihin sarakunan Kano ya lissafa abubuwa goma sha biyu da Muhammadu Rumfa ya fara a zamaninsa, tsakanin 1463 da 1499. A cikinsu akwai gidan sarautar da har yau ake kira da sunansa, da kasuwar Kurmi, da kakaki da figini, da kuma dawakin zage, waɗanda zagage ke ja a gaban sarki da sirdinsu da adonsu ba kowa a kai. A yaƙinsa da Katsina ya fara fitowa da su, don in dokin da yake kai ya gaji ko ya ji rauni, ga wani a ɗaure da sirdi. Yau shekara ɗari biyar da ɗoriya ke nan, dawakin zage na nan a hawan Sallah, amma aikinsu ya koma na kallo. Abin da ya same su shi ya sami dokin ƙasar Hausa gaba ɗaya: dabbar da aka horar don fagen fama ta zama ta fagen biki, alhali kayan da ke bakinta da wanda ke dugadugan mahayinta ba su canza ba.

Doki bai taɓa araha a nan ba. Manyan ingarmu daga arewa da gabas suke zuwa, ta Asbin da Borno. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, ya rubuta a farkon ƙarni na 16 cewa Mai na Borno kan ba fataken Magrib bayi goma sha biyar ko ashirin a kan doki ɗaya. Kudu kuwa ƙudan tsando ya tare masa hanya, shi ya sa fataken goro suka kutsa kurmi amma dawakinsu ba su daɗe a can. Sarkin Kano Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi aka ce ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Daga nan doki ya zama ginshiƙin mulki, har sarautu suka tsiro a kansa: Madaki mai jan barade, Shamaki mai kula da barga, Sarkin Dawaki, da zagage. Dabbar da ta kai wannan daraja ba a wasa da cikinta. Gero da dawa, harawa, dusa da kanwa, wanka da sharce geza, duk akwai masu yi, kuma kowane launi da sunansa: akawal, kili, hurde, bidi, gunya, danda.

Sai mu duba linzami, domin can maganar take. Linzamin da maƙeranmu ke ƙerawa yana da wani harshen ƙarfe da ke kwanciya a kan harshen doki, da zobe da ke zagaye haɓarsa ta ƙasa. In mahayi ya ja, harshen ƙarfen ya miƙe ya daki ganɗa, zoben kuma ya matse muƙamuƙi. Irinsa ne ake samu a Maroko da sauran ƙasashen Magrib. Barde yana riƙe da mashi ko takobi a hannu ɗaya, ga garkuwa, ga nauyin lifidi. Ba shi da hannu biyu na lallashin doki, kuma tsayawa nan take ko juyawa nan take shi ne tsakaninsa da mutuwa. Saboda haka aka yi wa linzamin ƙarfin da taɓi kaɗan ya isa. Gwanin mahayi da yatsu yake riƙonsa, ragama ce ke yin mafi yawan aikin, ƙaimi kuma tuni ne kawai. Tsofaffin 'yan barga na gane hannun mutum tun bai bar ƙofar gida ba: in doki ya yi ta wage baki yana kaɗa kai, an san wanda ke bisa bai iya ba.

Yaƙi ba kullum ba ne, tafiya kuwa kullum ce. Hakimin da zai taso daga gundumarsa zuwa birni, ko manzon da zai kai takarda daga Sakkwato zuwa Zariya, ba sukuwa yake buƙata ba, sassarfa kuma jijjiga ce mai karya ƙugu. Taƙama yake so, takun nan mai sauri da laushi wanda ƙafar gaba da ta baya na gefe ɗaya ke tafiya kusan tare, mahayi na zaune daram rawaninsa bai motsa ba. Wani dokin da ita ake haifarsa. A 2012 masu bincike a jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka gano wani sauyi a ƙwayar halitta mai suna DMRT3 wanda ke ba doki irin wannan taku, kuma sun fara ganinsa ne a dawakin Aisilan. Wanda ba a haife shi da ita ba koya masa ake yi, da tarnaƙi: a haɗa ƙafar gaba da ta baya da igiya, a riƙa jansa a hankali har jikinsa ya saba. Aiki ne na watanni, mai son haƙuri, kuma in an yi shi da sani ba ya barin tabo. Taƙama ta asali sauƙi ce ga mahayi, sauƙi ce ga doki, shi ya sa ake wuni a kanta.

A 1903 zamanin dokin yaƙi ya ƙare. Kano ta faɗi a watan Fabrairu, Wazirin Kano Ahmadu ya rasu tare da baradensa a Kwatarkwashi suna sukuwa cikin ruwan harsashi, Sakkwato ta bi a watan Maris. Turawan da suka karya rundunar dawaki su ne kuma suka ga amfaninta a matsayin abin nuni. Suka ɗauko tsarin taron da suka saba yi a Indiya suka ɗora a kan hawan da muke da shi tun da. An yi wa Yariman Ingila gagarumin hawa a Kano a 1925, aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, aka sake tara dubban dawaki a Kaduna a 1977 lokacin bikin FESTAC. A Katsina, Sarki Muhammadu Dikko ya rungumi sukuwa da folo, ɗansa Usman Nagogo ya zama ɗaya daga cikin fitattun 'yan folo na Afirka. Jafi, wanda asalinsa mubaya'ar mayaƙa ce, ya zama ƙololuwar kallo: a sako dawaki a guje, a zo dab da sarki a zame su, mashi a sama. Abin gwanin kyau ne, ni ma ba na gajiya da shi. Amma zamiyar da a da ake yi don ceton rai yanzu ana yin ta don tafi, kuma tafi ba ya ƙosar da mai nemansa.

Wanda ke son ganin inda wannan hanya kan kai, ya dubi jihar Tenesi ta Amurka. Manoman can sun samar da wani irin doki mai laushin taku, don mai gona ya wuni yana zagaya gandunsa bai ji jiki ba, daidai da buƙatar hakiminmu. A 1935 aka kafa ƙungiyar masu kiwonsa a garin Lewisburg, a 1939 aka fara gasar shekara-shekara a Shelbyville, wadda har yau ake yi a ƙarshen watan Agusta. Zakarun farko, irin su Strolling Jim da Midnight Sun wanda ya ci a 1945 da 1946, takunsu na halitta ne. Daga baya mota da tarakta suka raba dokin da aikinsa, ya rage sai fage. Wani doki mai suna Talk of the Town ya ci gasar sau uku a jere, daga 1951 zuwa 1953, da ɗaga ƙafar gaba fiye da yadda aka saba gani. 'Yan kallo suka so abin, alƙalai suka ba shi maki, kowane mai horarwa ya shiga neman yadda nasa zai ɗaga fiye da haka.

Gajeriyar hanyar da suka samo ita ce ciwo. A shafa man mustad ko kananzir ko man gas a wuyan ƙafar gaba, a naɗe da leda ya kwana yana cin fata. A ɗaura wa kofato tarin faifai masu tsayi da nauyi, a rataya sarƙa a daidai wurin da ya ƙone. Wasu kan fere kofaton har kusa da tsoka, ko su cusa wani abu mai tauri tsakaninsa da takalmin. Duk sa'ad da dokin ya taka sai ya fizge ƙafar sama don azaba, ya tattara nauyinsa a ƙafafun baya kamar zai zauna. Wannan fizgar ita ce dubban mutane ke tashi tsaye suna yi wa sowa.

Majalisar dokokin Amurka ta haramta wannan aiki a 1970. A 1976 aka yi wa dokar gyaran da ya ba masu harkar damar naɗa nasu masu duba dawaki, saboda ma'aikatar gona ba ta da kuɗin zuwa kowace gasa. Aka bar kura da gadin akuya. Masu horarwa suka koyi shafa maganin kashe zafi kafin dubawa, wasu suka riƙa dukan doki a barga har ya koyi tsayawa cik ko an matsa masa gyambo. A 2006 an tashi daga gasar Shelbyville ba a naɗa zakara ba, don likitocin gwamnati sun hana mafi yawan dawakin zagayen ƙarshe shiga fage. A 2010 babban mai binciken ma'aikatar gona ya ce tsarin duba kai da kai bai yi aiki ba. A 2012 aka nuna wa duniya hoton bidiyon sirri na wani shahararren mai horarwa, Jackie McConnell, yana dukan doki a ka. Ya amsa laifi, aka ci shi tarar dala 75,000. A 2019 majalisar wakilai ta amince da ƙudirin hana sarƙa da faifan da ƙuri'a 333 a kan 96, amma bai tsallake majalisar dattawa ba. Fiye da shekara hamsin da doka, abin bai mutu ba, kuma dalilin a fili yake: alƙalin gasa bai daina ba wa wannan taku lambar yabo ba. Inda masu dawakin suka ware suka kafa gasar da ba a sa faifai ko sarƙa, nan ne irin dokin ya koma takunsa na asali.

Ba a ƙona ƙafar doki a Kano ko Katsina don ya ɗaga, kuma kada a ɗora mana laifin da ba namu ba. Namu a baki yake, da haƙarƙari, da gadon baya. Wanda ya tsaya kusa da dawaki bayan jafi a Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe, ko a Ƙofar Soro a Katsina, zai ga wasu da kumfar bakinsu ta yi ja-ja. In aka sauke sirdi da jalala a turke, wani dokin za a tarar gadon bayansa ya saluɓe, gefen cikinsa da sawun ƙaimi, ƙuda na bi. Wani ɗan barga zai wanke da ruwan gishiri ya kira likitan dabbobi, wani kuwa baƙin mai zai shafa, gobe a mayar da sirdi a kan gyambon don akwai hawan Nassarawa. Ga nauyin ado da ke ƙaruwa kowace shekara, ga tsayuwar sa'o'i a rana in Sallah ta faɗo a bazara.

Dawakin manyan gidaje ba su ne suka fi shan wuya ba, don akwai masu ido a kansu. Dokin haya ne abin tausayi. Yaron da bai taɓa share barga ba zai biya kuɗi a miƙa masa linzamin da aka ƙera don hannun barde, ya fita kilisar angwanci. Yana dukan doki da ƙaimi ya tafi, yana kuma ja da ƙarfi ya tsaya, a lokaci guda, don dabbar ta yi tabarya abokai su ɗauka a waya. Sannan ya zame shi a kan kwalta, kofato ba takalmi. Hukumomi a Kano sun sha hana kilisa a tituna, amma saboda hatsari da faɗan daba ne, ba a cika ambaton dokin ba. Alhali addininmu ya riga kowace doka magana: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana dukan dabba a fuska da yi mata lalas a fuska, kuma dokar Penal Code ta Arewa tana da sashe a kan zaluntar dabbobi.

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam. Abin alfahari ne, kuma zai ƙaro baƙi da kyamarori da masu ɗaukar nauyi, ya ƙara wa kowace tawaga son ta fi ta gabanta. A daidai irin wannan gaɓa Tenesi ta karkace. Abin da muke da shi wanda su ba su da shi shi ne fada. A hawanmu babu alƙali mai takardar maki. Idon sarki shi ne maki, kuma hakimi ya fi jin kunyar a ce tawagarsa ta ɓata wa sarki rai fiye da tsoron tara. In masarautun Kano da Katsina da Zazzau suka sa Shamaki da likitocin dabbobi su tsaya a inda tawagogi ke haɗuwa, su buɗe bakin kowane doki su ɗaga jalalarsa, wanda aka samu da gyambo a mayar da shi turke, hakimai da kansu za su fara tambayar wa ke hawa dawakinsu da kuma wane maƙeri ya ƙera linzamin. Maƙeran nan sun iya rage tsayin harshen ƙarfen su dadashe bakinsa ba tare da adon linzami ya ragu ba, in an ce su yi.