Yadda Baƙo ke Gano Lungu a Kasuwar Kurmi

Kasuwar Kurmi tana tsakiyar birnin Kano, a gefen rafin Jakara, kuma an kafa ta ne a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Da ta bunƙasa har ta zama matattarar fatake daga Borno, Agadas, Gwanja da Tarabulus, sai ta gamu da matsalar da ke damun kowace babbar kasuwa. Mai rumfa a bakin hanya kowa na ganinsa, amma na cikin lungu, ko da hajarsa ta fi kyau, sai an sha wuya kafin a kai gare shi. Ba a san allon shago ba a lokacin, rumfuna ba su da lamba, baƙi da yawa kuma ba sa jin Hausa.

Dabara ta farko ita ce tara masu kaya iri ɗaya a wuri guda. 'Yan goro da ɓangarensu, 'yan kanwa da nasu, haka 'yan shuni, 'yan koli, dukawa da masu sirdi da linzami. Sunan haja shi ya zama sunan wuri, don haka duk wanda ya san abin da ya zo saye ya riga ya san abin da zai tambaya. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya iso Kano a watan Janairu na 1824, ya tarar da rumfuna jere a layi-layi, kowane irin kaya da sashensa: ƙananan kaya a tsakiya, dabbobi da kaya masu nauyi a gefe-gefe. A lokacin, Sarkin kasuwa ne ke ba da hayar rumfunan. Amfanin tsarin ga ƙaramin ɗan kasuwa a fili yake, domin ba sai sunansa ya yi fice ba. Muddin yana zaune cikin 'yan sana'arsa, mai saye zai bi layin yana tayawa har ya iso gabansa.

Clapperton ya ga wani abu kuma: makaɗa suna kai da komo a cikin kasuwar don jawo masu saye zuwa wasu rumfuna na musamman. Wanda ido ba ya kaiwa gare shi, sai ya nemi kunne.

Babbar hanya dai ita ce ta mutum, kuma takan fara aiki tun kafin baƙo ya taka kasuwar. Unguwannin Kano da dama sun samo sunansu daga baƙin da suka zauna a cikinsu, kamar Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa da Dandalin Turawa, inda Larabawan arewacin Afirka suka yi gidaje. Ayarin Buzaye kuwa yakan yada zango a Fagge, bayan ganuwa. Falke yakan sauka a gidan fatoma, wato maigidan da ke jin harshensa. Shi zai ba shi masauki da abinci, ya adana masa kaya, ya tsaya masa idan za a ba shi bashi, sannan ya haɗa shi da dillali. Dillalin ne ya san kasuwar ciki da bai. Ya san wanda ke da turkuɗi na ainihi daga marinar Kura, ya san mai jan kilago da ba ya baje kayansa a fili, ya kuma san wanda ba a yarda da awonsa. Yakan shige gaba, baƙo na biye, su ratsa lunguna har rumfar da ake nema. A nan za a yi tayi, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, har ya sallama, dillali ya karɓi la'adarsa.

Abin da ya ba wannan tsari ƙarfi shi ne nauyin da ke wuyan dillalin. Clapperton ya ba da labarin cewa akan rubuta sunan dillali a cikin kowane ƙunshin riga ko turkuɗi. In an kai ƙunshin Borno ko wani wuri mai nisa, aka kwance aka ga kayan ba su kai yadda aka ce ba, sai a mayar da su Kano. Dole dillalin ya nemo wanda ya sayar, shi kuma ya mayar da kuɗin. Saboda haka dillali ba zai kai baƙo wurin maha'inci ba, domin sunansa ne zai ɓaci daga nan har Borno. Mai rumfar lungu kuwa, in kayansa na da kyau, dillalai da kansu za su riƙa kawo masa ciniki. Da wuya a sami hanyar talla da ta fi wannan adalci ga mai ƙaramin ƙarfi. Girman cinikin ma ba kaɗan ba ne: Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin sun kai 30,000, adadin kuma yakan ninka a lokacin da ayari ke shigowa.

Akwai wata kasuwar da ba a gani ko kaɗan, ta matan da ke cikin kulle. Su ma ta hannun mutum hajarsu ke fita: yara masu talla da dillaliya mai shiga gida-gida da zannuwa, tasoshi da kayan ado.

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, daga nan ciniki ya fara karkata zuwa bayan ganuwa. Sabon Gari ta kafu, Kantin Kwari ta zama cibiyar atamfa da yadi, daga baya Dawanau ta karɓi hatsi, Yankaba kayan gwari, Ƙofar Ruwa ƙarafa da kayan gini. Tsohon tsarin nan ne aka faɗaɗa, sai dai abin da a da layi ne a cikin Kurmi yanzu ya zama kasuwa sukutum. Karatun boko ya kawo allon shago da lambar rumfa. Gidajen rediyo, musamman bayan buɗe Freedom Radio a 2003, sun cika da tallace-tallacen da ke ƙarewa da kwatance: kasuwa kaza, layi kaza, shago mai lamba kaza. Wayar salula, wadda ta bazu a Najeriya daga 2001, ta sa mai shago kan aiko yaronsa ya taro baƙo a bakin titi.

Duk da haka jagoran bai ɓace ba. A ƙofofin manyan kasuwannin Kano har gobe akwai 'yan kamasho da ke tarbar mai shigowa da "Alhaji, me ake nema?" ko "Hajiya, zo ki gani". Aikin nuna hanya suke yi kamar na dillalin da, amma mafi yawansu ba su ɗaukar alhakin ingancin abin da aka saya, kuma a nan ne aka yi asara. Ita kuwa Kurmi, tana nan tana ci a inda Rumfa ya kafa ta, kuma har yanzu can ake zuwa neman kayan doki, kayan fata, littattafan addini da magungunan gargajiya.