Bahaushiya: Kundin waƙoƙin da ya kai Adam A. Zango gidan yari a 2007

Bahaushiya sunan wani kundin waƙoƙi ne na bidiyo da jarumin finafinan Hausa kuma mawaƙi, Adam A. Zango, ya fitar a shekarar 2007. Kundin yana cikin ayyukan farko da wani fitaccen ɗan masana'antar Kannywood ya gabatar da waƙa da rawa irin na zamani su kaɗai, ba tare da ya jingina su da labarin fim ba. Sai dai abin da aka fi tunawa da shi a yau shi ne shari'ar da ta biyo bayan fitowarsa, domin a dalilinsa ne wata kotu a Kano ta yanke wa mawaƙin hukuncin ɗaurin wata uku da tarar Naira dubu 100.

Mai kundin da salon da ya ɗauko

An haifi Adam Abdullahi Zango a Jihar Kaduna a tsakiyar shekarun 1980, ya kuma yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Jos. Ta ƙofar kiɗa ya shigo masana'antar fim, yana haɗa sauti a fiyano kafin ya zama jarumi. Gwanintarsa a rawa ta sa masoya suka laƙaba masa suna Usher, wato sunan mawaƙin nan na Amurka da ya yi fice a salon R&B.

Salon R&B ya samo asali ne daga kiɗan baƙaƙen fatar Amurka. A 1949 mujallar Billboard ta fara amfani da wannan suna a jadawalinta na faifan da suka fi kasuwa. Daga shekarun 1980 salon ya sake kama, inda na'urorin lantarki suka maye gurbin yawancin makaɗa, aka kuma gauraya shi da bugun hip-hop. Jigonsa soyayya ce da rabuwa da nadama, ana rera shi da lallausar murya, sannan bidiyonsa ya dogara ga rawar da aka tsara. Kundin Usher mai suna Confessions, wanda ya fito a 2004, ya sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya a makon farko a Amurka, kuma waƙoƙinsa sun zagaya duniya har da biranen Najeriya.

A daidai wannan lokaci mawaƙan Najeriya suna ƙera nasu samfurin. A 2004 2Face Idibia ya fitar da Face 2 Face, kundin da ke ɗauke da waƙar African Queen. A 2005 tagwayen P-Square, waɗanda su ma a Jos suka tashi, suka fitar da Get Squared, bidiyoyinsa cike da rawa. A shekarar ce kuma tashar MTV Base ta fara watsa shirye-shirye domin Afirka. Matashin mawaƙi a Kano ko Kaduna yana ganin waɗannan duka a talabijin da faifan kasuwa, kuma ba abin mamaki ba ne ya so ya gwada irinsu da harshen Hausa.

Yadda ake haɗa waƙa a Kano a wancan zamani

Kafin Bahaushiya, waƙar zamani ta Hausa 'yar rakiyar fim ce. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 ɗakunan haɗa sauti na Kano, irin su na kamfanin Iyan-Tama, suka rungumi fiyanon Yamaha samfurin PSR, wanda ke kwaikwayon sautin ganga da sarewa da goge da sauran kayan kiɗa. Mutum ɗaya a ƙaramin ɗaki yana iya yin aikin da a da sai an tara makaɗa. Fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki, ya nuna wa furodusoshi cewa waƙa mai daɗi tana iya sayar da fim. Daga nan aka shiga yayin waƙoƙin da ake kira nanaye, inda namiji da mace ke musayar baituka kamar yadda ake yi a finafinan Indiya. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce da dama a kan wannan sauyi.

Zuwa tsakiyar shekarun 2000 kwamfuta ta shiga aikin. Mai kiɗa yakan fara shimfiɗa bugu, ya ɗora sauran sautuka ɗaya bayan ɗaya, sannan mawaƙi ya shiga ya rera, a gyara muryar da manhaja. A tsarin fim, mai rera waƙar ba a ganin fuskarsa. Jarumi da jaruma ne ke motsa baki a gaban kyamara, shi ya sa jama'a suka san muryoyin mawaƙa da yawa shekaru kafin su san kamanninsu.

Kundin bidiyo ya saɓa wa wannan tsari ta fuska biyu. Mawaƙi shi ne tauraro, shi ake ji kuma shi ake gani. Sannan babu labarin da zai zama hujjar rawar. A fim ana iya cewa waƙar mafarkin masoya ce ko shagalin biki, kuma a ƙarshe labarin zai kawo darasi. A kundin bidiyo rawar ce hajar da ake sayarwa, don haka duk wani ƙorafi a kanta kai tsaye yake sauka a kan mai kundin.

Hanyar da faifai ke bi zuwa hannun jama'a

A shekarun nan faifan bidiyo na CD ya fara ture kaset. Kasuwar Ƙofar Wambai a birnin Kano ita ce babbar cibiyar dillancin finafinai da waƙoƙin Hausa. Daga can 'yan sari ke kwasar kaya zuwa sauran jihohin Arewa da Jamhuriyar Nijar da zangunan Hausawa na Ghana da Kamaru. A cikin jihar ma faifan ba ya tsayawa a birni. Yana bin hanyar Zariya zuwa garuruwan noman rani irin su Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ke ba manoman shinkafa da tumatir da alkama damar riƙe kuɗi ko da rani, kuma matasa ke taruwa kallo a shaguna da gidajen kallo masu janareto.

Wannan yaɗuwa ita ce ribar ɗan kasuwa, ita ce kuma damuwar hukuma. Faifan da aka yi da tunanin matasan birni yana iya ƙarewa a tsakar gidan ƙauye, yara da iyaye na kallo tare. Dokar tace finafinai ta Kano ta shafi ƙananan hukumomin jihar 44, kuma ta haɗa da mai shiryawa da mai sayarwa da mai nunawa.

Shekarar da kundin ya fito

Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, sannan a 2001, zamanin mulkin farko na Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, aka kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, wadda ta hau a 2003, ta ƙara da shirin gyaran tarbiyya na A Daidaita Sahu. Tun a lokacin rawa da waƙa tsakanin maza da mata ita ce abin da malamai suka fi suka a finafinan Hausa.

A watan Agustan 2007 wani bidiyon sirri na wata 'yar fim ya bazu a wayoyin jama'a, al'amarin da ya tayar da ƙura a Arewa baki ɗaya. Fushin ya wuce kan mutum ɗaya ya hau kan masana'antar gaba ɗayanta. Gwamnati ta naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, wanda ya riƙe babban muƙami a Hukumar Hisba, ya shugabanci hukumar tacewa. Aka dakatar da ɗaukar fim a jihar na tsawon watanni, har zuwa farkon 2008, aka kuma fito da sababbin ƙa'idoji da suka haɗa da yi wa kowane ɗan fim rajista, da duba labari kafin a ɗauka, da taƙaita rawa da waƙa. A cikin wannan zafi ne Bahaushiya ya shiga hannun jama'a.

Kamu da hukunci

A watan Satumban 2007 aka kama Adam A. Zango aka gurfanar da shi a kotun tafi-da-gidanka da ke sauraren ƙararrakin hukumar. Tuhumar ta tsaya a kan abu biyu: fitar da faifan ba tare da hukumar ta tace shi ba, da kuma nuna rawa da shigar mata da hukumar ta ce sun saɓa wa tarbiyya. Kotun ta yanke masa ɗaurin wata uku da tarar Naira dubu 100. Shi ne fitaccen ɗan Kannywood na farko da aka tura gidan yari a ƙarƙashin sabon shugabancin hukumar.

Shari'ar ta fito da wata tambaya ta doka da ta daɗe tana damun masu sana'ar. Gwamnatin Tarayya tana da tata hukumar tace finafinai da bidiyo, wadda aka kafa a 1993. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sanya tace finafinai a jerin abubuwan da tarayya da jihohi ke da hurumi a kai tare, ya kuma ba majalisun jihohi damar kafa tasu hukumar. Sashe na 39 ya tabbatar da 'yancin faɗin albarkacin baki, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita shi domin kare tarbiyyar jama'a. Ma'anar haka ga ɗan kasuwa ita ce takardar Abuja ba ta wadatar a kasuwar Kano, kuma faifan da ke halas a Kaduna yana iya zama laifi da zarar mota ta wuce Kwanar Ɗangora.

Yadda aka karɓe shi

Ra'ayin jama'a ya rabu. Masu goyon bayan hukumar, ciki har da malamai da iyaye da yawa, sun ga cewa sunan kundin ya ƙara wa laifin nauyi. A wurinsu kalmar Bahaushiya tana ɗauke da kunya da kamun kai, don haka ɗora ta a kan faifan rawa irin ta bidiyon Legas da Amurka cin fuska ne ga 'ya'yan Hausawa mata, musamman a watannin da ake jin an riga an zubar musu da mutunci.

A ɗaya ɓangaren, 'yan fim da mawaƙa da masoyansu sun ɗauki hukuncin a matsayin huce haushin wani a kan wani. Hujjarsu ita ce faifan mawaƙan Kudu da na ƙasashen waje da finafinan Indiya, waɗanda rawarsu ta fi ta kowane faifan Hausa bayyana jiki, ana sayar da su a kasuwannin Kano, kuma ana kallonsu ta tauraron ɗan Adam. Masu kare hukumar sukan amsa da cewa abin da aka yi da harshen gida, da fuskokin da yara suka sani, ya fi saurin shiga zuciya.

Martani ta hanyar waƙa

Bayan fitowarsa, Zango ya mayar da harkokinsa Kaduna, kamar yadda 'yan fim da dama suka yi ƙaura zuwa Kaduna da Jos da Abuja a shekarun. Ya fitar da waƙar Oyoyo, wadda ya yi ƙorafi a cikinta kan ɗaurin da aka yi masa. Waƙar ba ta bi ta Ƙofar Wambai ba. Ta yaɗu ne daga waya zuwa waya ta Bluetooth, hanyar da babu shagon da za a rufe ko faifan da za a ƙwace.

Wasu shari'o'in sun biyo baya. A 2008 aka ɗaure ɗan wasan barkwanci Rabilu Musa Ibro, sannan a ƙarshen shekarar aka yanke wa furodusa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama hukunci kan fim ɗinsa Tsintsiya, hukuncin da babbar kotu ta soke daga baya. A 2009 kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da Oyoyo, da Girgiza Kai ta Nazir Ahmad Hausawa wanda aka fi sani da Ziriums, da Hasbunallahu ta Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa, wanda shi ma aka tsare a shekarar.

Abin da ya biyo baya

Ɗaurin bai dakushe tauraron Zango ba. Ya ci gaba da zama cikin manyan jaruman Kannywood, ya yi finafinai irin su Basaja da Gwaska, ya kuma ci gaba da waƙa. Tsarin da Bahaushiya ya gwada, na mawaƙi ya tsaya da ƙafarsa, shi ne ya zama ruwan dare daga baya. Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita sun yi suna da kundayen waƙoƙinsu, tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta buɗe wa bidiyon waƙa fili, sannan YouTube da Audiomack suka karɓe kasuwar daga hannun masu faifai.

Taƙaddamar kuwa tana nan. A 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon wata waƙar soyayya ta mawaƙi ClassiQ. A 2020 waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta jawo muhawara bayan matan aure sun riƙa wallafa bidiyon suna taka wa mazajensu rawa da ita a lokacin kullen korona. Hukumar tace finafinai ta Kano, wadda aka naɗa Abba El-Mustapha ya shugabance ta a 2023, har yanzu tana neman mawaƙa su yi rajista su kuma kawo ayyukansu a duba, alhali mafi yawan waƙoƙin yau a intanet ake sakinsu, daga ɗakunan haɗa sauti da ke ciki da wajen jihar.