Daga Ƙwarya Zuwa Hular Kwano: Tarihin Acaɓa da Kawunanmu

Maƙalarmu ta wannan mako za ta waiwayi tarihin babur a ƙasar Hausa, domin mu ga yadda abin hawan da ya sauƙaƙa mana zirga-zirga ya koma mai cika gadajen asibiti.

A shekarun 1970, zamanin da kuɗin mai ke kwarara, babur abin fita kunya ne. Malamin makaranta ko akawu kan karɓi rance a wurin aiki ya sayi Vespa ko Honda ko Suzuki, ya riƙa lallaɓa shi kamar ƙwai, don ya san guminsa ne.

Al'amura sun sauya daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP. Darajar naira ta faɗi, mota da kayan gyaranta suka yi tsada, motocin haya suka yi ƙaranci, masana'antu suka rage ma'aikata. Mai babur ya ga mutane cirko-cirko a bakin titi, sai ya fara ɗaukar su yana karɓar na cefane. A Kano aka kira sana'ar acaɓa, a Sakkwato da Nijar kabu-kabu, a kudu kuwa okada.

Daga baya baburan Jincheng masu araha suka shigo daga ƙasar Sin, 'yan siyasa kuma suka mayar da rabon babur hanyar sallamar magoya baya. Saurayi zai zo cirani, ya koyi tuƙi a kwana biyu, ya karɓi babur ɗin wani bisa sharaɗin kawo balas kullum. Sai ya haɗa balas ɗin da kuɗin mai kafin ya samu na abinci. A nan gudun wuce sa'a da goyon biyu ko uku da kutse tsakanin motoci suka samo asali. Wanda ya taɓa zuwa dubiya Asibitin Ƙashi na Dala a wancan zamani ya ga sakamakon da idonsa.

An kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wato FRSC, a 1988. Ranar 1 ga Janairu 2009 ta fara tilasta wa mai tuƙi da wanda aka goya sanya hular kwano. Abin da ya biyo baya har kafafen labarai na ƙetare sun ɗauka: wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya ko robar fenti a ka, suka ɗaure da igiya. Masu tuƙi sun koka da tsadar hular, fasinjoji sun ƙyamaci sanya wadda wani ya cire da guminsa, ga kuma jita-jitar cewa ana yin asiri da ita. Ba a daɗe ba dokar ta yi sanyi.

Abin da aka kasa fahimtar da jama'a shi ne aikin hular. Idan kai ya bugi kwalta, ƙwaƙwalwa kan girgiza ta bugi ƙoƙon kai daga ciki. Soson da ke cikin hula mai inganci shi ke shanye ƙarfin bugun, maɗaurin haɓa kuma ya hana ta cirewa kafin mutum ya kai ƙasa. Karaya a ƙafa ana ɗora ta, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta ɗoruwa.

Sai zamanin hani ya zo. Abuja ta kori 'yan acaɓa daga tsakiyar birni a 2006, Maiduguri ta hana hawa babur a 2011, Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. A Maiduguri da Kano matsalar tsaro ce ta jawo hanin. Adaidaita Sahu ta maye gurbin acaɓa a cikin birni, amma baburan gida suna nan, a ƙauyuka kuma har yau babur ne motar zuwa kasuwa da asibiti. Mafi yawan kawunan da ke kansa babu komai sai hular saƙa.

Mun yarda tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma wannan tarihi ya nuna mana cewa yana da ƙofofin da yake shigowa: rashin koyon tuƙi, matsin balas, lodi fiye da kima, tafiyar dare ba fitila, da kai ba kariya. Kowacce ana iya rufe ta. Mai babur ya duba birki da taya da fitila kafin ya fita, ya goyi mutum ɗaya, ya ɗaure hularsa har haɓa, ya nisanci gefen tirela inda direba ba ya hango shi.

Mu kuma masu alƙalami, duk wanda zai saka haɗarin babur a labarinsa, ya nuna wa mai karatu ta wace ƙofa ya shigo. Wataƙila wani ya rufe littafin ya je ya sayi hula.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya. Muna jiran gyara da ƙarin bayani daga gare ku.