Daga Takarda Mai Wata Uku Zuwa Furen Almakashi

Duk wanda ya yi firamare a Gombe zai tuna darasin aikin hannu: a ninke takarda gida huɗu ko takwas, a sa almakashi a gefenta, a warware sai ga fure mai ganye daidai wa daida. Da irinsa ake ƙawata aji ranar walima ko Maulidi. Yau abin ya zama wasan yara, amma a zamanin kakanninmu ba mai iya yanka takarda haka kawai.

Asalin sana'ar daga ƙasar Sin take, inda wani ma'aikacin fada mai suna Cai Lun ya inganta yin takarda a shekarar 105 Miladiyya. An tono yankakkun takardu masu siffar fure na ƙarni na 6 a yankin Turfan, kuma a 2009 hukumar UNESCO ta sanya wannan sana'a ta Sinawa cikin kayan gadon al'adun duniya. Musulmi sun koyi yin takarda a Samarƙandi a ƙarni na 8, daga nan ta isa Bagadaza. Daga baya Turkawan Daular Usmaniyya suka shahara da yanka furanni na takarda suna manna su a littattafai.

A ƙasarmu kuwa takarda baƙuwa ce mai tsada. Fatake ke ɗauko ta a kan raƙuma daga Tarabulus, su ƙetara Sahara. Wadda ta fi yawa a ƙarni na 19 ita ce mai tambarin jinjirin wata uku, da ake yi a arewacin Italiya. Bature matafiyi Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya ambace ta cikin hajar da ake shigowa da ita. Wannan shi ne zamanin da masarautar da Modibbo Bubayero ya kafa take da hedikwata a Gombe Abba.

Saboda tsadar, takarda ta zama ta Alƙur'ani, littattafan ilimi da wasiƙun sarakuna. Adon da ake yi mata da alƙalami ake yi: zayyanar da alarammomi ke zanawa da tawada ja da rawaya a kan hizifi, nisfi, rubu'i da sumuni, da kuma allon zayyana na ranar sauka. Yankan siffofi sai ya tsaya hannun dukawa, masu fere fata mai launi suna ɗinka ta a jikin gafaka, titimi da kayan doki.

Sai da takarda ta yi araha, bayan zuwan makarantun boko da shagunan Turawa, almakashi ya taɓa ta. Mata ma suka ɗauki dabarar: masu ƙunshi na yanka salatif da reza, su fitar da fure da ganye, su manna a ƙafa kafin a shafa jan lalle.

Yanzu furen roba da sitikar da inji ya yanka sun cika kasuwa, hannu na neman mantawa. Iyaye da malaman makarantun Kagarawal, tsohon kwali da almakashi da gam ba su da tsada. Yaron da ya iya ninki da awo a takarda ya kama hanyar tela, ta baduku, har ta mai zanen gini. A zaunar da su a koya musu tun hannun na da taushi, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.