Azumin Lent: Yadda Mabiya Katolika Ke Raya Kwanaki 40 Kafin Bikin Ista

A duk shekara, tsakanin watan Fabrairu da na Afrilu, mabiya ɗarikar Katolika a Najeriya da sauran sassan duniya kan shiga wani lokaci na tuba da kamun kai da ake kira Lent, wanda Hausawa suka fi sani da azumin Kiristoci. Yana farawa ne ranar Larabar Toka, ya kai su har jajiberin bikin Ista. Wasu ɗarikun, kamar Angalikan da Metodis, su ma suna kiyaye shi, amma a ƙasar nan an fi ganin alamominsa a majami'un Katolika.

Ranakun da doka ta wajabta azumi a cikinsu biyu ne rak, shi ya sa wanda ya auna lokacin da ma'aunin yunwa da ƙishirwa zai ɗauka ba shi da wani nauyi. Sai an dubi abin da jama'ar farish ke yi tare a waɗannan makonni ake gane girmansa. Farish shi ne yankin da ke ƙarƙashin limami guda, wanda mabiya ke kira Fada, kuma ya kan ƙunshi babbar majami'a da ƙananan majami'un unguwanni ko ƙauyuka da ke kewaye da ita. A nan ne ake yin addu'a, da sadaka, da sasanta masu gaba, da shirya sababbin shiga.

Asali da lissafin kwanaki

Adadin kwanakin ya samo asali ne daga abin da littattafan Matiyu da Luka na Sabon Alkawari suka ruwaito, cewa Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, ya yi azumin kwana 40 a jeji kafin ya fara wa'azi. Malaman coci kan haɗa wannan da kwana 40 da Annabi Musa ya yi a kan Dutsen Sina'i, da tafiyar kwana 40 da Annabi Iliya ya yi zuwa Dutsen Horeb.

Tun a ƙarni na huɗu al'adar ta kafu. Babban taron bishop-bishop da aka yi a birnin Nikiya, wanda a yau yake cikin ƙasar Turkiyya, a shekarar 325, ya ambaci kwanakin a cikin dokokinsa. A wancan zamani lokacin yana da manufa biyu: shirya manya da za a yi wa baftisma a daren Ista, da kuma ladabtar da waɗanda suka aikata manyan zunubai kafin a mayar da su cikin jama'a. Waɗannan manufofi biyu ne har yanzu ke tafiyar da shi.

Daga Larabar Toka zuwa Asabar ɗin da ke gaban Ista kwana 46 ne. Idan aka cire ranakun Lahadi shida, waɗanda ba a yin azumi a cikinsu saboda ranakun murna ne, sai a sami 40. Ita kuwa Ista tana faɗowa ne a Lahadin farko bayan cikar watan da ta zo ranar 21 ga Maris ko bayanta. Don haka ba ta gabatar 22 ga Maris, ba ta kuma wuce 25 ga Afrilu, Larabar Toka kuma kan kama tsakanin 4 ga Fabrairu da 10 ga Maris.

Larabar Toka

Dokar coci ba ta tilasta halartar sujada a wannan rana ba, amma tana cikin ranakun da majami'u suka fi cika. Ma'aikata da 'yan makaranta kan yi sammako, 'yan kasuwa kuma su zo da yamma. Limami kan sa wa tokar albarka, sannan ya shafa ta a goshin kowa da siffar gicciye, yana tunatar da shi cewa daga ƙasa aka yi shi kuma can zai koma, ko kuma ya kira shi zuwa ga tuba. Babba da yaro, mai kuɗi da talaka, layi ɗaya suke bi, kuma ko wanda ba ɗan Katolika ba ne ba a hana shi.

Tokar ba ta murhu ba ce. Ana samun ta ne daga ƙona ganyen dabino ko na kwakwar manja da aka riƙe a bikin Lahadin Dabino na shekarar da ta gabata. Da farko masu tuba a bainar jama'a kaɗai ake zuba wa, har Fafaroma Urban na Biyu ya yi kira a taron Benevento na shekarar 1091 da a yi wa kowa da kowa.

Daga ranar kamannin majami'a kan sauya. Limami kan sa tufafi masu launin shunayya, a kwashe furanni daga bagadi, a rage kaɗe-kaɗe, a kuma daina rera Halleluya har sai daren Ista. A majami'un da aka saba da ganga da tulu da kacau-kacau, wannan shirun kaɗai ya isa ya sanar da baƙo cewa lokaci ya canza.

Abin da doka ta tanada

Tsarin da ake bi a yau ya fito ne daga wata takarda da Fafaroma Paul na Shida ya fitar a watan Fabrairun 1966, wadda kundin dokokin coci na 1983 ya tabbatar. Azumi wajibi ne ranar Larabar Toka da ranar Juma'a Mai Kyau a kan duk wanda ya cika shekara 18 bai kuma shiga ta 60 ba. Ma'anar azumi a nan ita ce cin cikakken abinci sau ɗaya a yini, tare da ɗan abin taɓawa sau biyu. Ba a hana shan ruwa ba.

Kaurace wa nama kuwa ya hau kan duk wanda ya cika shekara 14, a waɗannan ranaku biyu da kuma Juma'o'in lokacin. Kifi ba ya cikin abin da aka hana, saboda haka shi da wake da ƙosai da alale ne suka fi yawa a gidaje ranar Juma'a. A tsibirin Legas, iyalan da kakanninsu suka dawo daga Brazil a ƙarni na 19 har yanzu suna dafa frejon, wato farfesun wake da madarar kwakwa, ranar Juma'a Mai Kyau. Marasa lafiya, da masu juna biyu, da masu shayarwa, an ɗauke musu wajibcin. Dokar ta kuma bai wa majalisar bishop-bishop ta kowace ƙasa ikon daidaita yadda za a yi, ko musanya shi da wani aikin alheri.

Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ake nema. Da yawa kan ƙara wa kansu: wasu su yi azumi daga ƙarfe shida na safe zuwa sha biyun rana ko shida na yamma, wasu su bar giya ko taba, matasa kuma su ajiye shafukan sada zumunta. Abin da limamai ke nanatawa shi ne kuɗin da aka rage daga tukunya haƙƙin mabuƙaci ne.

Bambancin da ke tsakaninsa da azumin Ramadan a fili yake, tun da Musulmi na barin ci da sha gaba ɗaya daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana, wata guda cur. Amma da yake shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, lokutan biyu kan haɗu. Sun haɗu a 2023 da 2024, a 2025 kuma Musulmin Najeriya sun tashi da azumi ranar 1 ga Maris, Larabar Toka ta biyo baya ranar 5 ga watan.

Juma'a da Hanyar Gicciye

Ibadar da ta fi tara jama'a ita ce Hanyar Gicciye, wadda ake yi kowace Juma'a da yamma, wasu wuraren har da Laraba. A bangon kowace majami'ar Katolika akwai hotuna ko sassaƙe 14 da ke nuna matakan da Kiristoci suka yi imani Yesu ya bi, daga yanke masa hukunci zuwa sa shi a kabari. Ana tsayawa a kowane mataki a durƙusa, a yi karatu da addu'a. Limaman ƙungiyar Faransiskan ne suka yaɗa al'adar domin waɗanda ba su da halin zuwa Urushalima, Fafaroma Clement na 12 kuma ya tsayar da adadin a kan 14 a shekarar 1731.

Wannan ibada ba ta buƙatar limami, kuma hakan na da muhimmanci a karkara. A lardunan coci na Kaduna da Jos da Abuja, uku daga cikin tara da ake da su a Najeriya, Fada ɗaya kan kula da ƙauyuka masu yawa, ba ya kuma iya kai wa kowanne a mako. Katikis, wato malamin da aka horar don koyar da addini, shi ke jagorantar addu'a, sau da yawa da harshen Hausa, wanda ke haɗa ƙabilu daban-daban a majami'a guda. Ƙungiyoyi irin su Zumuntar Mata Katolika da na maza da na matasa kan raba ranakun a tsakaninsu.

Furta zunubi, sadaka da sababbin shiga

Tun daga taron Lateran na huɗu a 1215 aka ɗora wa kowane ɗan Katolika furta zunubansa ga limami aƙalla sau ɗaya a shekara, da karɓar Jibin Ubangiji a lokacin Ista. Saboda haka layin masu furuci kan yi tsawo, har limaman farish-farish da ke maƙwabtaka su riƙa kai wa juna ɗauki. An haramta wa limami bayyana abin da ya ji ko da za a kashe shi. Wanda ya ci dukiyar wani kuwa, ana neman ya mayar, wanda ke gaba da ɗan'uwansa kuma ya nemi sulhu. Farish da yawa kan shirya taron farkawa na 'yan kwanaki, su gayyato mai wa'azi daga waje.

Ta fuskar sadaka, ana tara kuɗi da hatsi da tufafi don kai wa asibitoci, da gidajen marayu, da gidajen gyaran hali, da sansanonin 'yan gudun hijira. Ƙungiyar Saint Vincent de Paul, wadda aka kafa a birnin Paris a 1833, ita ce ta fi sanin gidajen mabuƙata a unguwa. A matakin dayosis, wato yankin da bishop ke shugabanta, hukumomin adalci da ci gaba da zaman lafiya ne ke tsara rabon, a matakin ƙasa kuma akwai Caritas Nigeria, wadda majalisar bishop-bishop ta kafa a 2010.

Manyan da ke neman baftisma su ma lokacinsu ne na ƙarshe. Ana rubuta sunayensu a Lahadin farko, a yi musu addu'o'i na musamman a Lahadi ta uku da ta huɗu da ta biyar, kowanne da wanda ya tsaya masa daga cikin jama'a.

Mako Mai Tsarki

Makon ƙarshe kan buɗe da Lahadin Dabino, inda ake zagaye da ganye don tuna shigar Yesu Urushalima. A cikin makon limaman dayosis kan hallara a babbar majami'ar bishop, a tsarkake mai iri uku da za a yi amfani da su duk shekara wajen baftisma, da naɗin limamai, da shafa wa marasa lafiya. Ranar Alhamis da yamma Fada kan wanke ƙafafun wasu daga cikin mabiyansa, kuma tun 2016 Fafaroma Francis ya ba da damar a haɗa da mata. A ƙa'idar coci, daga nan ne Lent ke ƙarewa, a shiga kwanaki uku mafi girma.

Ranar Juma'a Mai Kyau ba a yin babbar sujadar da ake kira Mas. Matasa kan yi wasan kwaikwayon Hanyar Gicciye a kan titi, da misalin ƙarfe uku kuma a taru a karanta labarin shan wahalar Yesu, a sumbaci gicciye. Daren Asabar a hura wuta a harabar majami'a, a kunna babban kyandir, a yi wa sababbin shiga baftisma. Gwamnatin Tarayya, ta hannun Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, kan ayyana Juma'ar da Litinin ɗin bayan Ista a matsayin ranakun hutu.

Ibada cikin halin rashin tsaro

Matsalar tsaro ta taɓa yadda ake raya lokacin. Ranar 11 ga Maris, 2012, ana tsakiyar Lent, ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a mota a ƙofar majami'ar Saint Finbarr da ke Rayfield a Jos. Irin waɗannan hare-hare ne suka sa binciken motoci da jakunkuna ya zama ruwan dare a ƙofofin majami'u, wasu farish kuma suka matso da ibadun dare zuwa farkon yamma.

A 2020, makonni kaɗan bayan kashe wani ɗalibin makarantar horar da limamai ta Good Shepherd da ke Kaduna wanda aka sace, majalisar bishop-bishop ta umarci mabiya da su sa baƙaƙen kaya ranar Larabar Toka, 26 ga Fabrairu, don juyayin waɗanda rikici ya ci a faɗin ƙasar. Ranar 1 ga Maris su da kansu suka yi tattaki a Abuja cikin baƙaƙen tufafi. A ƙarshen watan ne aka sa dokar kulle saboda annobar korona a Abuja da Legas da Ogun, mabiya da dama suka bi ibadun Mako Mai Tsarki ta talabijin da rediyo. A 2025 kuwa, ranar Larabar Toka ce aka tsinci gawar wani limami na dayosis ɗin Kafanchan da aka sace a daren da ya gabata.

Duk da haka tsarin bai yanke ba. Bayan Ista jama'ar farish kan shiga kwanaki 50 na murna har zuwa ranar Fentikos. Ganyen da suka riƙe a Lahadin Dabino kuma su rataye shi a gida, sai Larabar Toka ta gaba ta matso katikis ya sanar da a kawo shi majami'a don a ƙona.